Shekara 14 ban nemi gadona ba, ko shirun da na yi ya kashe haƙƙina?

Assalamu alaikum Anti.

Mahaifinmu ya rasu a 2011, ya bar gida ɗaya da gona a wajen Ungogo. Mu biyar ne, maza biyu mata uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba a raba gado ba saboda Inna tana cikin gidan, kuma kowa yana jin nauyin ɗaga maganar. Babban yayanmu shi ya ci gaba da noma gonar, duk kaka yana aiko wa kowaccenmu da buhun gero. Inna ta rasu a 2022. Bara kuma mijina ya rasu, ya bar ni da yara huɗu a gidan haya.

Wata biyar da suka wuce na ji cewa gari ya cim ma gonar, Yaya ya yanka ta fuloti-fuloti, har ya sayar da uku. Da na je na tambaye shi, sai ya ce Baba ya ba shi gonar kyauta lokacin da yake kwance, ya nuna mini takarda mai hatimi da sunansa. Ya ce shi ya yi jinyar Baba wata takwas da kuɗinsa, shi ya aurar da autarmu, shi ya gina ɗaki uku a gidan, ni kuwa kayan ɗakin da Baba ya yi mini su ne rabona. Ya ƙara da cewa ko alƙali ya san wanda ya riƙe ƙasa shekara goma ta zama tasa. Gwaggo ta kira ni ta ce kada in zama ta farko a zuri'armu da ta kai ɗan uwanta kotu.

Anti, ina da haƙƙi a gonar nan ko shirun da na yi ya kashe shi? In na nema, na yanke zumunci?

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Allah ya jiƙan Baba da Inna da maigidanki, ya raya marayun da ya bar miki, ya ba ki ikon riƙe su. Na karanta wasiƙarki, abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda kike tambaya kamar mai neman alfarma. Ba alfarma kike nema ba. Tun ranar da Baba ya cika, kafin ma a dawo daga maƙabarta, kina da kaso a gidan nan da gonar nan. Ba Yaya ne zai ba ki ba, ba alƙali ne zai ƙirƙiro miki ba. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, mata ma suna da rabo, ko abin kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. Rabon gado da ake zama a yi daga baya aikinsa kawai ya nuna wa kowa inda nasa ya tsaya.

Ki lura da yadda muke faɗin kalmar nan a Hausa. Mukan ce "haƙƙina ne", mukan kuma ce "ya ɗauki alhaki". Abu ɗaya ne ake kallo ta fuska biyu. In yana hannun mai shi haƙƙi ne, in ya kwana a hannun wanda ba nasa ba ya zama alhaki. Don haka tambayarki ba ke kaɗai ta shafa ba, ta shafi Yaya fiye da yadda yake zato. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai ranar alƙiyama. Wadda ta tunatar da ɗan uwanta wannan tun yana da rai, ba ta yanke zumunci ba.

Bari mu fara da lissafi, don mutum ba ya neman abin da bai san girmansa ba. In dai iyayen Baba sun riga shi rasuwa, kuma Inna ce kaɗai matarsa, to bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya in akwai, Inna tana da tumuni, wato kashi 1 cikin 8. Ragowar kashi 7 na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu: Yaya 2, ɗaya namijin 2, ku mata uku kowacce 1. Da Inna ta rasu a 2022, tumuninta ya sake zama gado. In ba ta bar iyaye ko wani miji ba, ku biyar ɗin ne magadanta a kan wannan tsari. Ƙarshen lissafin ke nan, dukiyar duka ta kasu 7, ke kina da 1. Ku mata ukun in kun haɗu kuna da 3 cikin 7, kun fi Yaya kaso. Ki riƙe wannan a ranki, zan dawo kansa.

Yanzu maganganun Yaya. Ya haɗa miki su wuri ɗaya kamar dami, shi ya sa suka yi miki nauyi. In aka kwance damin za ki ga wasu ba su da ƙwari ko kaɗan, wasu kuma gaskiya ne, dole ki yarda da su.

Mafi girmansu ita ce kyautar. A nan akwai ƙa'idar da nake so ki fahimta sosai, domin ita za ta sauya miki yadda kike kallon kanki. Shari'a ta ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ke kina ganin ke ce mai da'awa tunda ke kika zo nema. A'a. Duk unguwa ta san gonar Baba ce, Yaya ma bai musa ba, tunda cewa ya yi Baba ne ya ba shi. Asali ke nan: gonar mamaci ta magada ce. Wanda ya ce ta fita daga wannan asali ta koma hannunsa shi kaɗai, shi ne mai da'awa, shi zai kawo shaidu. Kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke hukunci da ita, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓi abin ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiyarsa. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, wasiyya kuwa ba a yi wa magaji, sai in sauran magada sun amince. Da bakinsa Yaya ya ce miki Baba yana kwance ya ba shi. In a wannan ciwon Baba ya rasu, to ko an sami shaidun, maganar tana jiran amincewarku ne.

Amma zan gaya miki ɗaya gefen, don ba na so in zuga ki a kan abin da ban gani ba. In ya bayyana cewa Baba ya ba shi gonar tun yana tafiya da ƙafarsa, a gaban shaidu adilai, ya janye hannunsa ya bar masa ita, to gonar ta Yaya ce, ko da hakan ya yi miki ciwo. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi ya zama shaida lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da kyauta ban da 'yan uwansa, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Fifita ɗa ɗaya abin ƙi ne, sai dai malamanmu ba sa warware kyautar da ta riga ta cika sharuɗɗanta. In haka ta tabbata, ki saki gonar da zuciya ɗaya ki tsaya a kan gidan. Mai neman haƙƙinsa dole ya shirya jin inda haƙƙin ya ƙare.

Maganar shekara goma kuwa, Yaya ya ji rabi ne ya bar rabi. Gaskiya ne akwai abin da malamai suke kira hauzi: wanda ya riƙe gida ko gona shekara 10 ana danganta shi da ita, mai ita yana gari yana gani, ba abin da ya hana shi magana, bai ce uffan ba, ba a sauraron ƙararsa bayan nan. Amma a Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu, a wurin da aka kawo wannan hukunci nan take aka biyo da cewa babu hauzi tsakanin dangi da surukai a irin wannan tsawon lokaci. Dalilin a fili yake. Bare in ya shiga gonarka ka yi shiru shekara 10, shirunka yana nuna ba taka ba ce. Ɗan uwa kuwa kunya ake yi masa, kara ake yi masa, ana cewa bar shi ya ci, ai gida bai ƙoshi ba. Shirun da kika yi saboda Inna tana raye irin wannan ne. Sannan buhun geron nan da yake aikowa duk kaka, ki tuna da abin da ɗan aike yake faɗa in ya sauke shi. In "ga na gonar Baba" ake cewa, to shekara da shekaru Yaya yana shaida wa kansa cewa ba shi kaɗai ke da ita ba.

Sai dai ga inda nake so ki farka. Shiru a kan noma daban, shiru a kan sayarwa daban. Malaman Malikiyya sun tsananta a kan wanda aka sayar da kayansa ya sani ya kame bakinsa: in lokaci ya ja, cinikin yakan zauna, ya koma bin kuɗi, wani lokacin ma kuɗin ya gagara. Haka haƙƙin shufu'a, wato damar da abokin tarayya yake da ita ta karɓe kason da ɗan uwansa ya sayar wa bare ya biya kuɗin da aka saya, yana faɗuwa bayan shekara ga wanda yake gari ya kuma sani. Shekara 14 ɗin da suka wuce ba su ne abin tsoro ba. Wata biyar ɗin nan su ne. Kowane wata da ya ƙaru, wani ya zuba bulo a fulotin da ya saya, ya kafa harsashi, ya tare da iyalinsa, kuma fitar da mai gini ba kamar tsayar da mai awo ba ne. Masu sayen nan ma mutane ne da suka tara kuɗinsu da gumi, ƙila ba su san akwai magada ba. Yin maganarki da wuri kariya ce gare su su ma.

Takarda mai hatimi kada ta firgita ki. Ki nemi a karanta miki ita, a ga ko ta dagaci ce, ko ta ƙaramar hukuma, ko ta gwamnatin jiha. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi yake ba da takardar mallaka a birni, ƙaramar hukuma kuma tana bayarwa a karkara. Amma Kotun Ƙoli ta Najeriya ta sha faɗa cewa takardar shaida ce da ake iya rushewa, ba ta haifar da mallaka ga wanda tun farko ba shi da ita. Takarda tana bin gaskiyar da ta riga ta, ba ta maye gurbinta. Wanda ya je ofis shi kaɗai ya rubuta sunansa a kan gonar mutum biyar, ya sami takarda, bai sami kason mutum huɗu ba.

Kayan ɗaki ba zan daɗe a kansu ba. Baba ya yi miki su yana raye, kin karɓa kin kai ɗakinki, kyauta ce ta cika. Ba a cire ta daga gado, kamar yadda ba a cire sadakin da uba ya biya wa ɗansa ko jarin da ya ba shi.

To, ga inda Yaya yake da gaskiya, kuma ina roƙonki ki riga shi faɗa. Ɗaki ukun da ya gina da kuɗinsa ba gadon Baba ba ne. Filin na kowa ne, ginin nasa ne, kuma masu rabo sun san yadda ake yi: a ƙiyasta ginin daban, ko a turo kasonsa ta ɓangaren da ya gina. Auren auta, a duba da me ya yi shi, da amfanin gonar ko da aljihunsa. Jinyar Baba kuma, in ya yi ta ne a matsayin ɗa mai neman albarka, ladansa yana wurin Allah, ba bashi ba ce da za a cire daga gado, in kuwa rance ya ba Baba da sanin shaidu, sai a biya shi kafin a raba komai. Ko da shari'a ba ta ba shi sisi a kan jinyar ba, wata takwas yana ɗauke da tsoho ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san gidaje da yawa da rigimar gadonsu ba a kan ƙasa ta faro ba, a kan godiyar da ba a yi ba ce. Mutumin da yake jin shi ya sha wahala kowa ya watse ya bar shi, yakan fara biyan kansa da kansa, daga nan ya saba, har ya manta inda ladan wahalarsa ya tsaya da inda kason marayu ya fara. In kika shiga wurinsa da "Yaya, mun san abin da ka yi, ba mu manta ba, a lissafa maka shi", kin cire masa sandar da ya fi dogara da ita, kin kuma faɗi gaskiya.

Wannan ciwo ba yau ya fara a ƙasar Hausa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya lissafa cikin bidi'o'in da ya yi yaƙi da su yadda babba a cikin magada yake haɗiye dukiyar mamaci duka yana cewa shi ne a matsayin uba. Fiye da shekara 200 ke nan, kuma har yau a ƙauyukan da ke kewaye da Kano ana jin "mace me za ta yi da gona, ai tana gidan wani". Da, lokacin da gona gero da dawa kawai take bayarwa, mata da yawa sun haƙura da buhu ɗaya a shekara. Yanzu da birni ya miƙe ta Ungogo da Kumbotso da Gezawa, gonar da ake shuka gyaɗa ta koma awon igiya, sai ga shi abin da aka ce ba shi da amfani ga mace ya isa ya saya mata gidan da za ta rufa wa 'ya'yanta asiri. Ke kina biyan haya da marayu huɗu, alhali kina da kashi 1 cikin 7 na gida da gona. Wannan ya tsaya mini a rai.

Game da Gwaggo, kada ki yi fushi da ita. Tsoron abin kunya take ji, kuma a zamaninsu haka aka tarbiyyantar da su. Je ki gaishe ta da ɗan goronki, ki ce: "Gwaggo, ni ma ba na son kotu. Ke ce uwarmu yanzu, ki tara mu a raba mana kamar yadda Allah ya ce, sai kotu ta zama ba ta da aiki." Kin ga kin mayar mata da nauyin inda ya dace. Mai hana zuwa kotu, shi ya kamata ya kawo abin da zai sa a fasa zuwa. Haƙurin da ake ba wanda aka danne kaɗai, a bar wanda ya danne, ba sulhu ba ne. Sulhu halal ne tsakanin Musulmi, ban da wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. In kin ga dama bayan an nuna miki kasonki kin riƙe shi a hannu ki yafe wa Yaya wani abu, wannan kyautarki ce, Allah ya ba ki lada. Amma ba a yafe abin da ba a san adadinsa ba, kuma yafiyar da aka karɓa da kunya da matsin dangi ba ta wanke wanda ya karɓa.

Na ce zan dawo kan 3 cikin 7. Kafin ki sake taka gidan Yaya, ki zauna da 'yan uwanki mata da ɗaya namijin. Wataƙila su ma abin yana cin su, kowa yana jiran wani ya fara. In kun haɗu ku huɗu, maganar ta tashi daga "wance ta tayar da fitina" ta koma "magada suna so a raba". Ku sami kawu ko baffa da Yaya yake jin nauyinsa, da malamin da ya san ilimin gado, da mai unguwa, a zauna. Abu na farko da za a nema a zaman shi ne a dakatar da sayar da ko da taku ɗaya har a gama. Fuloti ukun da suka tafi, hanya mafi sauƙi ita ce a lissafa su cikin kason Yaya in bai wuce su ba, masu saye su zauna lafiya, ku kuma ku ɗauki naku a ragowar. Duk abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu su sa, kowa ya riƙe kwafinsa. Ki kuma fara neman dattawan da suka yi iyaka da gonar da waɗanda suka yi zaman jinyar Baba tun yanzu, domin shaidu tsufa suke yi, ƙasa kuwa tana nan.

Ki sa wa wannan yunƙuri wa'adi, kada ya wuce wata ɗaya zuwa biyu. In Yaya ya ƙi zama, ko ya zauna ya ci gaba da sayarwa, ofishin Hisbah yana yin sulhun irin wannan. In nan ma ya gagara, kotun shari'ar Musulunci ta yankin da gonar take ita ce wurin rabon gado, kuma abin da za ki nema sunansa ke nan, rabon gado, ba ƙarar Yaya da laifin sata ba. Alƙali zai kira magada duka, ya nemi shaidun kyautar, ya sa a ƙiyasta gida da gona, kuma kina iya roƙonsa ya hana taɓa filin kafin hukunci. In tsayawa gaban yayanki a kotu zai yi miki nauyi, shari'a ta yarda ki naɗa wakili. In kuɗin lauya ne babu, ki tambayi ofishin Legal Aid Council da ke Kano, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa gado da kyauta da wasiyya cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take dubawa.

Duk wannan ana yi, kada ki daina gaishe da Yaya. In matarsa ta haihu ki je barka, in Sallah ta zo ki tura yara. In ya ɗaure fuska ki gaishe shi ki wuce. Amma makon nan, kafin Juma'a, ki sa wani namiji da kika yarda da shi ya raka ki wurin mai unguwar da gonar take, ki shaida masa a gaban mutum biyu cewa gonar nan gado ce da ba a raba ba, ke magajiya ce, ba ki amince da sayarwa ba. Ki roƙe shi ya rubuta ranar.

Antinki